KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI!

Jama'a, yau za mu tone muku wani irin ciniki wanda ko a kasuwar ɓarayi ba a yin sa. Malami a jami'a yakan shekara yana bincike, albashinsa daga harajin talaka. In ya gama, sai ya miƙa rubutunsa kyauta ga kamfanin buga mujallu a Turai ko Amurka. Wasu malamai su duba masa aikin, su ma kyauta. Daga nan sai kamfanin ya juyo ya sayar wa laburaren jami'ar da rubutun nan da tsada. To, ina aka taɓa jin manomi ya noma gero, ya sussuka, ya kai wa ɗan kasuwa kyauta, sa'an nan ya koma yana awo a hannunsa?

Ga lissafin. Wanda jami'arsa ba ta biya kuɗin shekara ba, in yana son karanta maƙala guda, sau da yawa sai ya biya dala 30 ko 40. A shekarar 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500, kuma a wannan shekara aka yanka mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Watau takarda mai shafi goma sha biyar ta ci fiye da rabin albashin lebura na wata! Kamfanin Elsevier, babbansu, ya daɗe yana cin ribar da ta wuce kashi 30 cikin 100. Tsadar ta kai har Jami'ar Kalifoniya, duk da arzikinta, ta yanke ciniki da shi a kan wannan dalili cikin 2019, sai da aka sake shiri. In wuta ta kama gemun mai kuɗi, matalauci me zai jira?

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne, har ilmin aikin laburare kansa an kulle. Ma'aikacin laburare shi ne mai buɗe wa jama'a ƙofar littafi, amma binciken da zai koya masa yadda ake tsara littattafai, da adana tsofaffin takardu, da kai karatu ƙauye, an sa masa kwaɗo. Mai riƙe da makullin gari ya kwana a waje!

Alhali kuwa magani na nan. Ran 14 ga Fabrairu 2002 wasu masana suka fitar da sanarwar Budapest, suka ce a saki sakamakon bincike a intanet kowa ya karanta ba ko kwabo. Ɗaya daga hanyoyi biyu da suka nuna ita ce, kowane marubuci ya ajiye kwafin aikinsa a rumbu na jama'a. A 2002 aka kafa rumbun DLIST a Jami'ar Arizona domin ilmin laburare. A 2003 aka buɗe E-LIS, rumbun duniya na wannan fanni, wanda ma'aikatan laburare na ƙasashe da yawa suke kula da shi don sa kai. Ba a karɓar kuɗin mai ajiya, ba a karɓar na mai karatu. Kuma yana karɓar rubutu cikin kowane harshe, in an haɗa da taƙaitawa da Turanci. Mutanen Sifen da Italiya sun zuba nasu da harsunansu. Me zai hana na Hausa?

Kada mahukunta su ce mana ba mu da abin zubawa. Tun 1968 ake koyar da ilmin laburare a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Ibadan ma ta riga ta. Jami'ar Jos ta buɗe nata rumbun tun 2009. Ina kundayen ɗaliban duk shekarun nan? Da yawansu na jibge a kan kanta, ƙura da gara suna rabon gado.

Mun san abin da 'yan amshin shata za su ce: wai abin kyauta ba shi da daraja. Ƙarya ce! Ajiye kwafi a rumbu bai hana a buga aiki a babbar mujalla ba, kamfanoni da yawa ma sun yarda da hakan, ko da bayan wasu watanni. Kuma ku lura da sabon tarko. Da kamfanonin suka ga an farga, sai suka ce to, a karanta kyauta, amma marubuci ya biya. Mujallar Nature ta yanka yuro 9,500 kan maƙala guda a 2021. An sauke kaya daga kan jaki an ɗora wa mai jaki. Wane malami a Sakkwato ko Maiduguri zai iya wannan?

Saboda haka jam'iyyarmu tana neman abu uku. Na ɗaya, majalisa ta yi doka cewa duk binciken da aka yi da kuɗin jama'a, har da na asusun TETFund, dole a ajiye shi a rumbun da kowa zai shiga. Ba mu muka fara ba: Sifen ta sa haka cikin dokarta a 2011, Ajantina da Peru suka yi tasu a 2013. Na biyu, jami'o'i su duba ko malami ya ajiye aikinsa a rumbu kafin su ƙara masa girma. Na uku, a ba laburarori wuta da intanet, don rumbu ba ya amfani in babu hanyar zuwa gare shi.

Ku kuma ma'aikatan laburare, kada ku jira doka. Ku tattara abin da kuka rubuta ku zuba a E-LIS da rumbunan jami'o'inku tun yau. Talaka ya riga ya biya kuɗin ilmin nan sau ɗaya, ba zai biya sau biyu ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.