Wa zai zana mana Sarauniya Amina?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, amma ku daure ku kai ƙarshe, musamman ku da ke zane a bayan takardun lakca kuna ɓoyewa.

A watan Satumba na je Legas neman wasu bayanai na binciken digirina na biyu. Na sauka wajen yayana a Agege. Ranar Asabar ɗansa ya ce: "Baffa, zo ka raka ni Comic Con." Wallahi dariya na yi. Ni da malamina ke jiran babi na uku, ni zan je kallon katun? Yaron ya nace, na bi shi don kar a ce na ƙi.

Ga waɗanda ba su sani ba, Comic Con taro ne na masu littattafan labarin zane da finafinan katun da wasannin kwamfuta. Wanda ya fi shahara a duniya shi ne na San Diego a Amurka, da aka fara a 1970. Na Legas kuwa Ayodele Elegba ne ya kafa shi a 2012. Kana shiga zauren za ka ga rumfuna jere, kowa da littafinsa a kan tebur. Masu zane suna zaune suna yi a gabanka, wasu da fensir, wasu a kan allon kwamfuta. Ga matasa sun yi shigar jaruman da suke so, wani Spider-Man, wani Naruto. A wani ɓangaren kuma ana zaune ana tattauna yadda ake sayar da labari da yadda mutum zai kare haƙƙin aikinsa.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai abin da bai yi mini ba. Wasu shigar ta saɓa wa tarbiyyarmu, kiɗan ma ya yi ƙara. Ban dawo don in ce mu kwafo komai ba. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai har yau.

Yaron nan ne ya nuna mini wani littafi mai suna Malika: Warrior Queen, na Roye Okupe, mai kamfanin YouNeek Studios. Labarin wata sarauniya ce mayaƙiya a Afirka ta Yamma a ƙarni na 15, daularta kuma sunanta Azzaz. Ku sake karanta sunan a hankali. Daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau aka samo tunanin. Na tambaye shi ko ya san Amina, ya ce ya ji sunan a makaranta. Amma Malika? Ya san takobinta, ya san maƙiyanta, ya san komai nata. Ɗan Bahaushe ne fa, a gidansu Hausa ake yi.

Kada wani ya ɗauka ina jin haushin Okupe. Allah ya sani yabonsa nake yi. Mutumin ya ga dukiya a ƙofar gidanmu ya ɗauka ya gyara, har kamfanin Dark Horse na Amurka ya ƙulla yarjejeniyar buga littattafansa a 2021, wani labarinsa kuma, Iyanu, ya zama fim ɗin katun a 2025. Su Kugali sun yi Iwájú tare da Disney a 2024, labarin Legas ta nan gaba. Comic Republic na Jide Martin tun 2013 suke fitar da jarumai irin su Guardian Prime. Na zagaya zauren nan iya ƙarfina, ni dai idona bai faɗa kan littafi ko ɗaya da aka rubuta da Hausa ba. Ba wanda ya hana mu rumfa. Mu ne ba mu je ba.

Kuma ba labari muka rasa ba. Wa ya kai mu? Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura. Gizo da Ƙoƙi. Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, tun shekarun 1930. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ko yau aka zana shi sai yara sun manta da jaruman Turawa. Umaru Dembo ya kai yaron Hausa sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun kafin a haifi da yawa daga cikin malamanmu. Mu nan Gombe ma fa? Ga tarihin Modibbo Bubayero da kafuwar masarauta. Ga Mbormi kusa da Bajoga, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a yaƙi da Turawa a 1903. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa zuwa wurin? Yaro nawa ne a Pantami ko Jekadafari zai iya ba ka labarin? Amma ka tambaye shi Naruto ka sha bayani.

To me ya hana mu? Ni a ganina mu ne da kanmu, kuma da ni a ciki.

Akwai wani yaro ɗan aji biyu da muke haɗuwa a ɗakin karatu. Wata rana na leƙa littafinsa na ga ya zana ɗan acaɓa yana rigima da fasinja a kan canji, hoto huɗu a jere, da maganganunsu a sama. Ya fito da abin kamar kana tsaye a Tashan Dukku. Kun san me na ce masa? Na ce: "Kai yaro, ka mai da hankali kan abin da ya kawo ka." Ya rufe littafin, ya ce to. Tun daga ranar ban sake ganin ya buɗe shi a gabana ba. A zauren Legas na tuna da shi, don na ga sa'anninsa suna sayar da aikin da bai fi nasa ba, mutane na layi ana sa musu hannu. Kunya ta kama ni.

Haka muke yi. Wanda ke zane mu ce bai da aikin yi. Wadda ke rubuta labari a waya mu ce ta cika soyayya. Haka aka yi wa marubutan adabin kasuwar Kano, aka raina su shekara da shekaru, yau ga shi a kansu ake rubuta kundin digiri a jami'o'inmu da na waje.

Na san wasu za su kawo maganar hukuncin zana abu mai rai. Magana ce mai nauyi, kuma ba ni da ilimin yanke ta. Malamai sun yi bayani, akwai saɓani a wasu ɓangarorinta, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da zan ce kawai shi ne, ko mun zana ko ba mu zana ba, ƙannenmu suna kallon katun a wayoyinmu kullum. Tambayar ita ce na wa suke kallo, kuma tarbiyyar wa ke ciki. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zane ba, ai aikin ba zane kaɗai ba ne. Akwai rubuta labari, akwai binciken tarihi, akwai fassara, akwai talla da sayarwa.

Wasu kuma za su ce muna fama da kuɗin makaranta da na abinci, wa ke ta katun? Gaskiya ne, ni ma ina ciki. Amma mu duba, dubbanmu ke fita da digiri duk shekara, aikin gwamnati ba zai ishe mu ba. Wannan sana'a ce da ake farawa da fensir da takarda da waya. Ba na yi wa kowa alkawarin arziki, yawancin waɗanda na gani can ma fafutuka suke. Amma suna da kasuwa, suna da juna, mu ko ɗaya ba mu da shi.

Ga shawarata, ƙarama ce. Ba sai mun jira gwamnati ko wani attajiri ba. Kaduna ta fara KABAFEST a 2017, yau kowa ya san da shi. Mu nemi izinin aji ɗaya a makaranta, ranar Asabar ɗaya. Masu zane su kawo aikinsu a manna a bango. 'Yan sashen Tarihi da masu nazarin Hausa su kawo labari, 'yan kwamfuta su nuna yadda ake sa kala a waya. Mu gayyaci 'yan uwanmu na Kashere da na FCE. A yi da Hausa, da Fulfulde, da Tangale, da Tera, duk wanda ya iya nasa. Shiga ta mutunci, a tashi lokacin sallah. Ko labari ɗaya mai shafi takwas muka fitar, mun fara.

Shekaranjiya na nemo yaron nan na ba shi haƙuri. Ya yi dariya ya ce ai bai daina ba, ɓoyewa kawai yake yi. Littafi uku ya cika. Ya yarda zai kawo su in an yi.

Duk mai sha'awa, ko wanda ya san wani mai ɓoye nasa littafin, ya yi mini magana ta inbox kafin jarrabawa ta matso. Allah ya ba mu sa'a, ya sa mu gama lafiya.