KULKI YA SAN UNGUWA

'Yan'uwa na rassan Ƙonni, da Malbaza, da Illela,

Ni mai koyarwa ne a lakwal ta Dogarawa. Kowace shekara samarinmu suna tafiya Yamai cin rani, wasu da buhunan albasar Galmi, wasu da ƙarfinsu kaɗai. In sun komo, da yawansu labarinsu ɗaya ne: an tare su da dare, an ce ina takarda, an kwana da su a kaso. Ban taɓa jin an yi wa ɗan mai gidan sama haka ba. Don me? Bari mu bi sawun abin.

Nasara bai shigo ƙasar nan da alƙali ba, da bindiga ya shigo. Ku tambayi Birnin Ƙonni abin da Vule da Shanuwan suka yi mata a watan Mayu 1899. Da ya zauna, sai ya kawo dokar indijena: kumandan yana iya ɗaure baƙar fata har kwana 15, ba alƙali, ba shaida. Laifin me? Jinkirin biyan lanho, ko ƙin aikin dole, ko a ce ka raina kumandan. Dokar nan ba ta hau kan Bature ba ko sau ɗaya. Mai kamun kuwa gardi ne, baƙi ɗan'uwanmu, an sa masa jar hula an miƙa masa bulala.

Da aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, sai aka shata gari biyu. Filato, tudu mai iska, na Turawa ne. Tsallaken kwarin Gunti Yena kuwa unguwannin baƙaƙe. Aikin ɗan sanda shi ne ya tsare wancan gefe daga mutanen wannan gefe. Ba don tsaron talaka aka ƙago shi ba.

A 1946 aka soke indijena da aikin dole. A 1960 aka ɗaga tutarmu. Bature ya tafi, amma ya bar kulkinsa, kulkin kuwa bai manta hanya ba. Ran 9 ga Fabrairu 1990 aka buɗe wa ɗalibai wuta a Gadar Kennedy ta Yamai, uku suka mutu. Ba Bature ne ya harba ba. Wariyar launi ta tuɓe riga, ta sa rigar wariyar aljihu.

Wani zai ce ai ɓarayi sun yi yawa a birni. Gaskiya ne! To wa aka fi yi wa sata in ba talaka ba? Shi ya fi kowa bukatar ɗan sanda. Ɗan sandan ma ɗan talaka ne, da hatsin uwarsa ya girma. Faɗanmu ba da shi ba ne, da tsarin da aka gada ne.

Saboda haka kowane reshe ya riƙe uku. In an kama ɗan garinku, ku rubuta sunansa, da ranar, da wurin. Ku tafi neman sa mutum biyar, ba mutum ɗaya ba. Kada a biya tara sai da takardar shaida.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

DOKA ƊAYA GA KOWA!

Mai koyarwa, Dogarawa