Guba a Sharada, Challawa da Bompai: Binciken Likitoci Na Daga Cikin Kiyaye Rai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Duk wanda ya ratsa Sharada ko Challawa ko Bompai da hantsi ya san warin da ke tashi daga magudanan ruwan masana'antu. Kamfanonin jima suna amfani da sinadarin kuromiyom wajen gyara fata, kuma dagwalon da ke fita daga Sharada da Challawa yana gangarawa zuwa kogin Challawa, na Bompai kuma yana bi ta rafin Getsi ya haɗu da Jakara. A gefen waɗannan ruwaye ne bayin Allah suke noman rani, kayan lambun kuma su shigo kasuwanninmu. Tambayar da ta wajaba a kanmu ita ce: idan leburan masana'anta ko yaron manomi ya faɗi saboda guba, da wane ilimi likita zai tarbe shi?

Amsar tana hannun bincike na asibiti, wato bin diddigin majinyata, auna jininsu, rubuta abin da aka ba su da abin da ya biyo baya. Maƙwabtanmu na Zamfara sun nuna mana amfaninsa. A shekarar 2010 gubar dalma ta halaka yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa dubban yara magani da ƙwayar DMSA, wadda ke kama dalma a jiki ta fitar da ita ta fitsari, sannan ta rubuta sakamakon zagayen magani sama da 3,000 a wani nazari da aka wallafa a 2014. Daga wannan aiki aka ƙara tabbatar da cewa awon dalma a jini yana nuna yaron da ke kusa da jijjiga da suma, don a fara da shi. An kuma gane cewa magani ba ya ɗorewa idan yaro ya koma gidan da ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa ba.

A nan ne wasu 'yan'uwa suke tuntuɓe. Idan likita ya ce ƙodar wane tana cikin haɗari, sai a ce yana da'awar sanin gaibu. Wannan kuskure ne. Ajali na Allah ne Shi kaɗai, amma kirdado bisa alamomi abu ne da Shari'a ta yarda da shi, kamar yadda manomi ke duban hadari ya shirya iri. Malaman fiƙihu sun gina hukunce-hukunce masu yawa a kan rinjayen zato na ƙwararren likita, kamar rangwamen ajiye azumi da yin taimama. Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali.

Ba mu manta da dalilin tsoron mutanen Kano ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Asibitin Zana, a gwajin da ya ƙunshi yara 200, kuma 11 suka rasu. Shari'ar ta kai ga sulhu na dala miliyan 75 da gwamnatin jiha a 2009. Darasin da ke ciki shi ne a tsaurara amana: a yi wa majinyaci ko waliyyinsa bayani da harshen da yake ji, a nemi yardarsa ba tare da tilas ba, a rufa masa asiri, kuma kwamitin ɗa'a ya sa ido. Ƙin bincike baki ɗaya zai bar likitocinmu suna lalube a cikin duhu.

Mun ga kuɗin wannan lalube a watan Maris na 2021, lokacin da ɗaruruwan mutane a Kano suka kwanta da amai da fitsarin jini bayan shan lemon haɗi. Sai daga baya hukumar NAFDAC ta bayyana cewa an sayar da wani sinadari mai guba a matsayin ɗan tsami. Da akwai cibiyar guba mai ɗakin gwaji da lambar kira dare da rana, da an rage kwanakin ruɗani.

Saboda haka muna kira ga gwamnatin jiha da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Jami'ar Bayero su haɗa kai wajen kafa wannan cibiya, da rajistar duk wanda aka kawo da guba, da awon jini a kai a kai ga ma'aikatan masana'antu. Masu kamfanoni su sani cewa tace dagwalo da samar da safar hannu da takunkumi haƙƙi ne a wuyansu, kuma ribar da aka gina a kan lafiyar lebura za a tambaye su a kanta ranar hisabi. Attajirai masu neman sadaka mai gudana su dubi injin wankin ƙoda da na'urar awon jini.

Limamai kuma mu yi amfani da mumbari. Mu gaya wa iyaye cewa ɗura manja ko madara ga wanda ya sha fiya-fiya ko kananzir, ko tilasta masa amai, yana iya tura gubar cikin huhu. A garzaya asibiti tare da kwalbar abin da ya sha, domin irin gubar fiya-fiya tana da makari, allurar atirofin, kuma jinkiri ne ke cin rai. A yi addu'a a hanya, kada a tsaya a gida.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya sa shugabanninmu su riƙe amanar rayukan da aka damƙa musu. Amin.