Makirufon da ba a gani: Yadda muryar bogi ke shiga kiran intanet

A farkon shekarar 2024, wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong ya tura kusan dalar Amurka miliyan 25 zuwa wasu asusun banki, bayan wani taro ta bidiyo da mutanen da ya ɗauka shugabanninsa ne. Daga baya 'yan sanda suka ce fuskoki da muryoyin da ya gani ya kuma ji duk na bogi ne, an haɗa su da fasahar ƙirƙirarriyar basira.

Hankali ya fi karkata ga yadda ake kwaikwayon muryar mutum. Sai dai ba a cika magana kan ƙofar da irin wannan murya ke bi ta shiga kiran da ake yi kai tsaye ba.

Ɗaya daga cikin ƙofofin ita ce wata 'yar manhaja da ake sakawa a kwamfuta, wadda ke gabatar da kanta a matsayin makirufo alhali babu wata na'ura da aka jona. Duk sautin da aka tura mata, na rakodin ne ko na manhajar sauya murya, sai ta miƙa shi ga Zoom ko Teams ko WhatsApp na kwamfuta. Su kuwa waɗannan manhajoji suna karɓar sa ne kamar yadda suke karɓar maganar mutum, domin ba su tantance daga inda ya fito.

Fasahar kanta ba haramtacciya ba ce. Manhajoji irin su VB-Cable da Voicemeeter ana sauke su cikin sauƙi, kuma masu shirye-shiryen intanet na amfani da su wajen haɗa sauti. Masu larurar magana ma kan rubuta abin da suke son faɗa, kwamfuta ta furta shi a cikin taro. Wannan ne ya sa hana ta ba zai yiwu ba.

Tun a watan Yunin 2022 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗin cewa wasu na amfani da murya da fuskar bogi a tattaunawar neman aiki ta intanet. A Fabrairun 2024 kuma hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta ce dokar da ta taƙaita kiran waya na na'ura ta shafi muryoyin da aka ƙirƙira.

Darasin ya shafi duk mai tura kuɗi bisa jin muryar ɗan'uwa ko maigida: jin murya ya daina zama hujja, ko da a kiran kai tsaye ne. Idan buƙatar kuɗi ta zo da gaggawa, abin da ya fi shi ne a katse kiran, a sake kiran mutumin ta lambar da aka san shi da ita, ko a tambaye shi abin da shi kaɗai ya sani. Jinkirin minti biyu ya fi asarar jari.