Kantin Bata Ya Tafi, Wa Ya Gaji Alƙawarinsa?

Duk lokacin da muka haɗu da sa'o'ina a wurin ɗaurin aure a Birnin Kebbi, in hira ta yi nisa sai an taɓo kantunan da. Wannan ya ce Kingsway, wancan ya ce Leventis ko UTC, amma wanda kowa ke da labari a kansa shi ne Bata. Ba kowa ne ya taɓa taka Kingsway na Kano ko na Kaduna ba, don can wurin Turawa ne da manyan ma'aikata. Amma da wuya ka sami ɗan makarantar kwana na shekarun 1970 da 1980 wanda bai sa sandal ɗin Cortina ba, ko bai yi ƙyashin mai shi ba. Gayun saurayi a lokacin bai wuce farar riga 'yar kanti da wando mai kari ba, sai Cortina ruwan ƙasa da ya sha Kiwi. Hirar takan ƙare da "ina ma a ce su dawo". Ni kuwa ba ginin nake bege ba, ba kuma ƙamshin sabon takalmi ba. Abubuwa uku ne suka tafi da kantin, har yau ba wanda ya maye gurbinsu.

Na farko shi ne lamba. Mu a Argungu, in kawu zai tafi Kano fatauci, tsinken tsintsiya ake karyawa daidai tsawon ƙafar yaro a ba shi ya sa a aljihu. Sau ɗaya ake wannan. Da takalmi ya iso aka ga lambar da ke jikinsa, shi ke nan. Baɗi sai a ce a ƙaro ɗaya. Mutum yana bakin kogin Matan Fada, a saya masa takalmi a Sabon Gari, ya zo daidai. Na biyu farashi ne a rubuce. Ba taya, ba "albarka", ba "ƙara dai, Alhaji". Abin da ɗan sarki zai biya shi ɗan masunci zai biya, ana iya aiken yaro ba tare da fargabar za a yi masa wayo ba. Na uku suna ne da ke tsaye bayan kayan: ka san wanda ya yi, ka san inda za ka same shi gobe.

Ba da ka aka yi wannan ba. Tomas Bata ya kafa kamfaninsa a 1894 a garin Zlin da ke ƙasar Cek ta yau, kuma dabararsa ita ce a yi takalmi mai sauƙin kuɗi da yawa, a sayar da shi a kantunan kamfanin kansa. Da kamfanin ya shigo Nijeriya a shekarun 1930, ya bi da wannan tsari, daga baya ya buɗe masana'anta a Legas da rassa a manyan birane. A Kano har yau wurin nan na bakin kasuwar Sabon Gari Bata ake ce masa. Kingsway kuma kamfanin UAC ne ya buɗe shi a Legas a 1948.

Abin da ya kashe su ba ɓoyayye ba ne. A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja. Bayan gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP a 1986, kafin shekara ta zagayo dala ta kai wajen naira huɗu. Kayan kanti suka yi tsada, albashin malamin makaranta ya tsaya inda yake. UAC ya rufe kantunan Kingsway, abin da ya tsira shi ne ɓangaren abinci, wanda ya zama Mr Bigg's. Kamfanin Bata na Nijeriya ya koma Famad, kantunan suka yi ta raguwa. Masaƙun da ke tufatar da mu ma suka bi sahu: KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, ta Gusau ma ta yi shiru.

Mu 'yan Kebbi mun ga abin da ya cike gurbin kafin kowa, don ta ƙofarmu ya shigo. Dilolin gwanjo kan sauka a Kwatano, su hau zuwa Malanville, su tsallaka Gaya, su faɗo Kamba. Ba zan zagi gwanjo ba. Ya rufa wa talaka asiri a lokacin da ba mai rufa masa, kuma samari da yawa da shi suka tara jari suka yi aure. Haka kuma masu cewa ribar waɗancan kantuna Turai take tafiya gaskiya suka faɗa. Sai dai gwanjo sa'a ce. Mai buɗe dila bai san abin da ke ciki ba, mai saye bai san farashi ba sai ya gama taya, in riga ta yage gobe ba wanda za ka tambaya.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, kasuwar tana nan, ta ma fi ta da. Samarin yanzu sun fi mu son kayan gida. Ku duba masallacin Idi a Birnin Kebbi ko Argungu: shadda ce da yadi da kaftani da hula, kusan duk ɗinkin teloli na gari. Amma ana saura kwana uku Sallah, je ka shagon tela ka ga mutane a tsaye. "Ranka ya daɗe, maɓalli kawai ya rage, ka dawo bayan la'asar." Ka san ko yanka yadin bai yi ba, shi ma ya san ka sani. Ba mugunta ba ce. Aikin wata uku ne ya taru masa a cikin azumi, ga rashin wuta, alhali bayan Babbar Sallah zai zauna yana korar ƙuda.

Da telolinmu za su yarda da awo ɗaya, a ce kaftani lamba kaza faɗin kafaɗa kaza ne, tsawo kaza, a kowane shago daga Jega zuwa Argungu, da watannin zaman banza sun zama na ɗinki. A ɗinka a rataye, a liƙa sunan shago a wuya, a rubuta farashi. Mai son na musamman ya kawo yadinsa a auna shi kamar kullum. Mai sauri ya shigo ya ɗauka ya biya. Ƙungiyar teloli za ta iya tsayar da wannan a zama ɗaya, ba sai an jira Abuja ba.

Takalmi ma haka ne. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe da yin suna har Turai, ga dukawa da suka gaji sana'ar, ga cibiyar koyar da aikin fata a Samarun Zariya. Abin da baduku ya rasa shi ne mai saye tabbatacce. Gwamnatin jiha da masu makarantun kuɗi su ne manyan masu buƙatar kayan makaranta. In suka ce daga bana sandal da yunifom na ɗalibai a wurin masu sana'ar gida za a saya, bisa sharaɗin lamba ɗaya da farashi ɗaya da suna a jikin kaya, masu sana'ar za su koyi tsarin cikin shekara guda, don ba wanda ke wasa da cinikin da ya tabbata. Wanda kayansa suka lalace kafin ƙarshen zango kuwa, sunansa na jiki, baɗi sai a ba wani.