Linzami Mai Allo: Ko Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu?

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2012 ne kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da wata na'urar wasan bidiyo mai suna Wii U, irin wadda ake haɗawa da akwatin talabijin. Abin da ya raba ta da sauran na'urori shi ne abin sarrafa ta, watau wanda mai wasa kan riƙe da hannu biyu yana danne-danne. Za a kira shi linzami a wannan fili, tun da yake da shi ake juya wasa kamar yadda mahayi ke juya doki. Linzamin Wii U ya zo da allonsa na kansa a tsakiya, mai girman inci 6.2, ana taɓa shi da yatsa ko da ɗan alƙalami, kuma yana karɓar hoto daga uwar na'urar ba tare da waya ba. Kamfanin ya yi wa masu saye albishir cewa mai wasa ya sami allo biyu ke nan, babba a bango, ƙarami a hannu, kuma hakan zai kawo wasannin da ba a taɓa ganin irinsu ba.

Bayan shekara huɗu da 'yan watanni, a cikin Janairu na 2017, aka daina ƙera Wii U. Duk abin da aka sayar a faɗin duniya bai kai miliyan 14 ba, alhali kuwa yayarta Wii, wadda ta fito a 2006, ta haura miliyan 100. Tun a Janairu na 2014 kamfanin ya rage hasashen cinikinsa na shekarar daga na'ura miliyan 9 zuwa miliyan 2.8, shugabansa na lokacin kuma, Satoru Iwata, ya zabge rabin albashinsa na wasu watanni don nuna ya ɗauki alhakin abin da ya faru. Ganin haka ya sa mutane da yawa suka yanke hukunci cewa allo na biyu ƙyale-ƙyale ne kurum. Hukuncin yana da ƙamshin gaskiya, amma bai cika ba, domin akwai wuraren da allon ya yi rana ƙwarai, kuma sanin waɗannan wurare zai amfani duk wanda zai zare kuɗi ya saya wa kansa ko 'ya'yansa irin waɗannan kayayyaki.

TSOHUWAR DABARA

Dabarar ba a kan Wii U aka fara ta ba. A shekarar 1998 kamfanin Sega ya fito da na'urar Dreamcast, wadda ake cusa wa linzaminta wani ɗan katin ajiya mai ƙaramin allo baƙi da fari. A wasan ƙwallon Amurka mai suna NFL 2K, mutum yana iya zaɓen dabarar da 'yan wasansa za su bi a kan wannan ɗan allo, ba tare da abokin karawarsa da ke zaune kusa da shi ya gani ba. Daga baya Nintendo ya yi wata waya da ke haɗa ƙaramar na'urar hannu ta Game Boy Advance da babbar na'urar GameCube. A wasan Pac-Man Vs. na 2003, mutum ɗaya yana ganin filin wasa gaba ɗaya a hannunsa, masu farautarsa su uku kuwa ɗan abin da ke kewaye da su kaɗai suke gani a talabijin. Waɗanda suka gwada sun yaba, sai dai wasu wasannin na wannan tsari, irin su Four Swords Adventures na 2004, suna bukatar na'urar hannu huɗu da waya huɗu kafin mutum huɗu su zauna wasa. Gida nawa ne zai iya tara wannan kaya? Tun daga nan aka ga alamar cewa dabarar tana da daɗi, amma tana da tsada.

INDA ALLON YA YI RANA

Duk wanda ya taɓa zama a gindin masu karta ya san cewa armashin wasan yana cikin ɓoyo. Kowa ya riƙe nasa ganye ya karkata shi zuwa ƙirjinsa, da za a ce kowa ya baje abin da ke hannunsa a kan tabarma, da wasa ya mutu nan take. Talabijin kuwa tabarma ce a shimfiɗe, abin da ɗaya ya gani kowa ya gani. Allo na biyu shi ne ya mayar wa wasan bidiyo da wannan sirri, kuma ba abin mamaki ba ne da Nintendo ya fi kowa nacewa a kai, domin da sana'ar buga karta aka kafa kamfanin a birnin Kyoto a shekarar 1889.

Misali mafi kyau yana cikin Nintendo Land, tarin ƙananan wasanni da ya fito tare da Wii U. A ɗaya daga cikinsu, mai riƙe da linzami mai allo shi ne fatalwa. Yana ganin kowa a allonsa, amma sauran 'yan wasa, har su huɗu, ba sa ganinsa a talabijin, sai dai linzaminsu ya yi rawa a hannu in ya matso kusa, su yi ta haska tocila suna kiran juna. Ɗaki kan kaure da ihu da dariya, kuma babu yadda za a yi wannan wasa da allo guda.

Kamfanin Ubisoft na ƙasar Faransa ya bi ta wata hanya a wasansa na ban tsoro mai suna ZombiU, wanda aka shirya labarinsa a birnin Landan. In mai wasa yana son ya duba jakarsa, tilas ya sunkuyar da kai ga allon hannu, alhali wasan bai tsaya ba, gawawwaki masu tafiya suna ta matsowa a talabijin. Watau masu wasan sun san kawar da ido daga talabijin haɗari ne, sai suka mai da haɗarin ya zama shi ne wasan. Sa'an nan a 2015 aka fito da Super Mario Maker, inda mutum ke zana filin wasansa da alƙalami a kan allon hannu kamar mai rubutu a kan allo da tawada. A nan allon ya zama kayan aiki, kuma ya fi maɓallai sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wani amfani wanda magidanta suka fi jin daɗinsa. In maigida ya dawo yana son sauraron labarai, ko uwargida tana da shirin da take bi, yaro yana iya mai da wasansa kan allon hannu ya bar musu talabijin. A gidan da akwati ɗaya ne ga mutum goma, wannan ba ƙaramin sulhu ba ne.

TAURA BIYU

To, in haka ne, me ya kayar da Wii U? Babban dalili yana jikin ɗan Adam ne. Mutum ido biyu gare shi, amma wuri ɗaya yake kallo. Talabijin tana can nesa da shi kamar taku huɗu ko biyar, allon hannu kuwa yana kan cinyarsa. Duk lokacin da ya sauke kai ya ɗaga, sai ido ya sake daidaita ganinsa daga nesa zuwa kusa, hankali kuma ya sake neman inda ya tsaya. A wasan natsuwa wannan ba kome ba ne, amma a wasan tsere ko na faɗa, inda ƙiftawar ido ke raba ci da faɗuwa, abin ya zama wahala. Hausawa sun riga sun faɗa, taura biyu ba ta taunuwa.

Wasan Star Fox Zero na 2016 ya tabbatar da haka. An sa mai wasa ya tuƙa jirgin yaƙi yana kallon talabijin, ya kuma auna harbi yana kallon allon hannu, duka a lokaci guda. Masu sharhi da yawa sun koka da wannan tsari, cinikin wasan kuma bai yi armashi ba. Shi kansa Nintendo ya nuna ya gane. A ƙarshen 2014 ya nuna sabon wasan Zelda da yake shiryawa, da taswira a kan allon hannu, amma da wasan ya fito a 2017 da sunan Breath of the Wild, an cire wannan, masu shirya shi kuma suka bayyana cewa kai da komowar ido tsakanin allo biyu yana raba hankali. A wasan Donkey Kong Country: Tropical Freeze na 2014, allon hannu baƙi ƙirin yake zama in ana wasa a talabijin. A Mario Kart 8 kuwa, wasan da ya fi kowane ciniki a kan na'urar, ɗaya daga cikin abubuwan da allon ke nunawa shi ne wani ƙaton maɓalli na danna oda irin ta mota.

Mai karatu zai iya cewa, ai na'urar hannu ta Nintendo DS, wadda ta fito a 2004, allo biyu gare ta, kuma an sayar da fiye da miliyan 150. Gaskiya ne, sai dai allunan DS suna manne da juna, ɗaya a bisa ɗaya, nisansu daga ido guda ne, kallo ɗaya ya isa ya kwashe su duka. Ashe matsalar tana ga tazarar da ke tsakanin allunan.

Daɗin daɗawa, ga batun kuɗi. An sayar da Wii U a Amurka a kan dala 299 da dala 349, kuma wani kaso mai tsoka na kuɗin ƙera ta ya tafi ne ga linzamin, abin da ya sa uwar na'urar ta kasa ƙarfi in an gwada ta da PlayStation 4 da Xbox One da suka fito a 2013. Batirin linzamin ba ya wuce sa'a 3 zuwa 5, kuma in an yi nisa da na'urar fiye da kimanin mita 8 hoto ya yanke. Linzami mai allo guda ɗaya tak wasanni ke karɓa, saboda haka a gidan yara da yawa rigimar wa zai riƙe ta maye gurbin rigimar talabijin. Kamfanonin da ke shirya wasanni su ma suka yi lissafi: don me za su kashe kuɗi su yi wa na'ura ɗaya aiki na musamman, alhali masu ita ba su da yawa? A 2013 kamfanin Electronic Arts ya ce ba shi da wani wasa da yake shirya wa Wii U. Ubisoft ma ya sake fito da ZombiU a 2015 a kan wasu na'urori, ba tare da allo na biyu ba. Har ila yau, mutane da dama sun zaci linzamin wani ƙari ne da ake saya wa tsohuwar Wii, ba su san sabuwar na'ura ce sukutum ba.

ABIN DA YA RAGE

Sauran kamfanoni ma sun taɓa ruwan. A 2012 Microsoft ya fito da SmartGlass don mai da wayar hannu allo na biyu ga Xbox, bayan 'yan shekaru aka daina jin ɗuriyarsa. Abin da ya ɗore shi ne irin wasannin taro na Jackbox, waɗanda suka fara fitowa a 2014, inda kowa ke rubuta amsarsa a ɓoye a kan wayar da ke aljihunsa. Sirrin nan na masu karta ne ya sake dawowa, wannan karo ba tare da an sayi wani sabon linzami ba.

Shi kuwa Nintendo, sai ya tsince abin da mutane suka fi so a jikin Wii U, watau ɗauke wasa daga talabijin, ya gina na'urar Switch a kansa a watan Maris na 2017. Allo ɗaya ake kallo a kowane lokaci: in an ɗora ta a mazauninta hoto ya koma talabijin, in an zare ta ya dawo hannu, kuma ana iya fita da ita ko'ina. Kafin shekarar 2025 ta yi nisa an sayar da fiye da miliyan 150. Wasan nan na Mario Kart 8, wanda ya sayar da kimanin miliyan 8 da rabi a kan Wii U, da aka sake fito da shi a kan Switch ya haura miliyan 60. Kamfanin Sony ma da ya fito da PlayStation Portal a 2023, linzami mai allon inci 8, aikinsa shi ne ya kawo hoton wasan zuwa hannu in talabijin ba ta samuwa, ba a nemi kowa ya kalli wuri biyu ba.

Saboda haka amsar tambayar da ke bisa wannan fili ita ce, kwalliya ta biya kuɗin sabulu a wasannin ɓoyo tsakanin mutanen da ke ɗaki guda, da wasannin zane, da kuma gidan da ake rububin talabijin. A sauran wasanni, waɗanda su ne mafi yawa, mai saye ya biya kuɗin gilashin da ba zai kalla ba. Masu shagunan wasa a garuruwan ƙasar nan, inda samari ke biya su buga ƙwallon ƙafa a PlayStation, ba su da abin yi da irin wannan linzami, domin abin da ke wucewa ta hannu hamsin a yini yana bukatar ƙwari da araha, ba gilashi ba. Magidancin da ya ci karo da tsohuwar Wii U a kasuwar kayan hannu kuwa, ya kamata ya fara gwada linzamin da batirinsa kafin ya yi ciniki, domin an daina ƙera shi, kuma akwai wasanni da saituna da ba sa yiwuwa sai da shi. In kuma mai sayarwa ya cika yabon allon, sai a tambaye shi wane wasa ne a cikin kayan ba zai yiwu ba in babu shi.