RA'AYINMU: Gargaɗin da ya yi shekara 26 a cikin akwati

A shekarar 2018 wani kamfanin faya-fayai na birnin Balin a Jamus, mai suna Habibi Funk, ya fitar da faifan wani dattijon mawaƙi na birnin Khartum, Kamal Keila, wanda aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Sunan faifan da Hausa shi ne "Musulmi da Kirista". Abin lura shi ne waƙoƙin ba sababbi ba ne. Tun 1992 Keila da makaɗansa, masu jita da ganguna da ƙahonni irin na zamani, suka naɗe su a gidan rediyon ƙasar da ke Omdurman, garin da ke tsallaken kogin Nilu daga Khartum. Sai bayan shekara 26 suka fito kasuwa.

A cikin waƙoƙin nan Keila ya yi kira ga Musulmi da Kiristan Sudan su zauna lafiya, ya yi maganar noma, da haɗin kan Afirka, da yaran da ke kwana a titi. Ya yi wannan kira ne a lokacin da yaƙin Arewa da Kudu, wanda ya ɓarke a 1983, yake kan ganiyarsa, kuma gwamnatin Janar Umar al-Bashir da ta hau mulki a 1989 ta sa wa mawaƙa ƙahon zuƙa. Muhammad Wardi, babban mawaƙin ƙasar, ya yi gudun hijira, bai komo gida ba sai 2002. A 1994 wani mai tsattsauran ra'ayi ya kutsa kulob ɗin mawaƙa a Omdurman ya daɓa wa Khojali Usman wuƙa har lahira, ya kuma raunata Abdulƙadir Salim.

To, me aka samu da toshe bakin waɗannan mutane? Yaƙin ya ci gaba har 2005, ya ci rayuka kimanin miliyan 2. Ranar 9 ga Yulin 2011 Kudu ta ɓalle ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, ta tafi da kashi 3 cikin 4 na man fetur ɗin Sudan. Aka rufe iyakar ƙasashen biyu, fatake masu kai dawa da gishiri da albasa Kudu suka wayi gari hanyar abincinsu ta toshe. Kafin faifan da ke roƙon a zauna tare ya fito, ƙasar ta yi shekara 7 da rabewa. Keila kansa ya rasu a farkon 2021.

Mai karatu da ke zaune a rumfarsa a Jibiya ko Illela ko Maigatari ko Birnin Ƙonni zai iya cewa ina ruwansa da makaɗan Khartum. Ruwansa ya yi tsaki kuwa. Na farko, akwai ɗimbin Hausawa a Sudan tun zamanin da ake tafiya Makka a ƙafa, daga garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu har Kasala da Gadarif da Omdurman. Ɗaya daga cikin matan da suka fara waƙa a gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, A'isha al-Fallatiya, 'yar asalin ƙasar Hausa ce. A 2022 rikicin ƙabilanci kan mallakar ƙasa a jihar Shuɗin Nilu ya ci rayukan ɗaruruwan mutane, da yawansu Hausawa. Ashe gargaɗin Keila game da rarraba kan jama'a ya shafi 'yan uwanmu kai tsaye.

Na biyu, ɗan kasuwa ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa idan shugabanni suka ƙi jin gaskiya. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu. An wawashe manyan kasuwannin Khartum da Omdurman, har da Kasuwar Libiya da fataken Chadi da na ƙasar Hausa suka sani, cinikin ƙaro da riɗi ya shiga halin ha'ula'i. A watan Mayun wannan shekara aka kashe mawaƙiya Shadin Gardud a Omdurman, tana cikin kiran a tsagaita wuta. Ginin rediyo da talabijin, inda ake ajiye tsoffin faya-fayan ƙasar, ya zauna a hannun RSF har watan Maris na 2024. Mu ma nan mun san ciwon rufe iyaka: mun gani daga 2019 zuwa 2020, mun sake gani bayan juyin mulkin Nijar na 2023.

Ba muna cewa duk wanda ya ɗauki kalangu ko jita waliyyi ba ne. Akwai 'yan maula, akwai masu zambo don a ba su na goro, akwai masu rura wutar gaba tsakanin ƙabilu. Wanda ya ci mutuncin wani, kotu na nan. Amma mawaƙin da ya ce talaka na jin yunwa, ko ya ce rarrabuwa za ta kai ƙasa ga halaka, ba abokin gabar gwamnati ba ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin Nijeriya da Nijar, da hukumomin tace waƙoƙi irin ta Kano, su bambance mai gargaɗi da mai ɓatanci. Muna kira ga gidajen rediyon Kaduna da Kano da Damagaram da Maraɗi su kwafe tsoffin faya-fayansu a kwamfuta, su ajiye a wuri fiye da ɗaya, domin waƙoƙin Keila sun tsira ne saboda ya adana kwafinsa a gida. Su kuma 'yan kasuwa masu tura wa jama'a waƙoƙi a waya, su tuna mai waƙar yana da iyali, a ba shi haƙƙinsa.

Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya ba shugabanninmu kunnen jin gaskiya tun kasuwa tana ci.